Waya, PlayStation ko kwamfuta: da wanne za ka ɗauki gem ɗinka da sharhi a Abuja?

Mai son ya ɗauki gem ɗin da yake bugawa, ya ɗora muryarsa a kai, ya saka a YouTube ko TikTok, tambayarsa ta farko yawanci a kan hoto take: 1080p ko 4K, firam (wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo) 30 ko 60 a sakan. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai kallo yana haƙuri da hoton da ya ɗan dushe, amma ba zai zauna minti biyu yana sauraron muryar da ƙarar harbi ta danne ko gurnanin janareta ya cika ba. Tambayar da ta kamata ka yi wa kowace hanya ita ce: in an gama ɗauka, muryata da sautin gem a haɗe suke a layi ɗaya, ko kowanne yana nasa layin? In a haɗe suke, sun zama gishirin da ya narke a miya, ko ya yi yawa ba mai tsamo shi. In a rabe suke, kusan kowace matsala tana da gyara a wajen tacewa.

Da wannan ma'aunin za mu auna hanyoyin, sannan mu ƙara da abubuwa biyu da mazaunin Abuja ba zai kauce musu ba, wato wuta da zafi.

Ɗauka da waya

Mafi yawan masu buga PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty: Mobile da eFootball ba sa bukatar sayen komai kafin su fara. Android 11, wanda ya fito a 2020, ya zo da abin ɗaukar allo a cikinsa, iPhone kuma tana da shi tun iOS 11 a 2017. Tecno da Infinix da Redmi da Samsung duk suna da nasu a jerin maɓallan da ake janyowa daga saman allo. Zaɓin sauti uku yawanci suke bayarwa: sautin cikin waya kaɗai, makirufo kaɗai, ko duka biyun. In ka zaɓi makirufo kaɗai, sautin gem zai fita ta lasifika ya dawo ta makirufo, ya zo a shaƙe tare da ƙarar yatsunka a kan gilashi. In ka zaɓi duka biyun, wayar za ta cakuɗa su a layi ɗaya da ƙarfin da ta ga dama. Akwai kuma wata matsalar da take ba mutane mamaki: a wayoyin Android da yawa, manhajoji biyu ba sa riƙe makirufo a lokaci guda. In ka buɗe magana da 'yan tawagarka a cikin gem, gem ɗin ya riga ya kama makirufon, abin ɗaukar sai ya naɗi shiru. Sai bayan an gama wasan mutum ya tarar ba muryarsa ko kaɗan.

Mafita mafi arha ita ce waya ta biyu, ko da tsohuwa ce mai fasasshen gilashi. Wayar gem ta ɗauki allo da sautin ciki kawai, ta biyun ta naɗi murya da manhajar naɗar sauti, an maƙala ƙaramin makirufon riga irin Boya BY-M1 kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Wannan makirufon yana da maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na kyamara ɗaya na waya, kuma in an bar shi a gefen kyamara aka soka a waya, aikin ba zai tafi daidai ba. Tafa hannu da masu fim suke yi don daidaita sauti da hoto ba zai yi amfani a nan ba, domin wayar gem ba ta jin ɗakin. Abin da ake yi shi ne a ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, a danna wani maɓalli na menu daidai kan ukun. A wajen tacewa sai a jera kalmar uku da firam ɗin da menu ya motsa.

Babban abokin gabar waya zafi ne. Furosesa ɗaya ce take tafiyar da gem kuma take matse bidiyon. A waya mai furosesa Helio G85 da RAM na gigabait 4, a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska cikin watan Maris ko Afrilu, ba a daɗewa bayan wayar yake ɗaukar zafi, ita kuma ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Daga nan gem ya fara sarƙewa, hoton ya riƙa tsalle. A cire kwanson waya, a rage hasken allo, a mayar da girafik zuwa mafi sauƙi, a ɗauka a 720p maimakon 1080p, kuma kada a ɗauka waya tana kan caji. Ƙaramar fankar nan da ake maƙala wa bayan waya tana taimakawa sosai, sai dai makirufon wayar yana jin ƙararta, wanda wannan ma wani dalili ne na naɗar murya a wata wayar dabam.

Kafin ka danna ɗauka ka kunna Do Not Disturb. Saƙon WhatsApp na gida, alat na banki da lambar sirrin da banki ke turowa, duk suna faɗowa a saman allo, kuma duk suna shiga bidiyon.

Abu na ƙarshe a kan waya, kuma shi ne wanda ya fi wahalar ganewa: waya ba ta ɗaukar firam da adadi tsayayye. Wani sakan ta ɗauki 58, wani 41, gwargwadon nauyin da ke kanta. In aka kai irin wannan fayil manhajar tacewa ta kwamfuta, farkon bidiyon zai yi daidai, amma a minti na goma sai ka ga an harba bindiga, ƙarar ta biyo baya. Maganinsa HandBrake, manhaja ce ta kyauta: a saka fayil ɗin, a shiga sashen Video, a zaɓi 30 ko 60, a danna Constant Framerate, a fitar da sabo kafin a fara yanka.

Maɓallin da ke jikin fad ɗin PlayStation

Mai PS4 ko PS5 yana da abin da mai waya ba shi da shi: na'urar tana da sashe na musamman da aka ware don matse bidiyo, saboda haka ɗauka ba ta rage wa gem gudu. PS4 ta asali da Slim suna ɗauka a 720p, firam 30, PS4 Pro kuma a 1080p. PS5 tana ɗaukar 1080p a firam 60, tana kuma iya 4K. Dukkansu iyakarsu minti 60 a fayil ɗaya. Alherin da ba a cika lura da shi ba shi ne na'urar kullum tana riƙe da abin da ya wuce: ka ci wata ƙwallo mai ban mamaki a EA Sports FC ba ka kunna ɗauka ba, ka danna Share a PS4 ko Create a PS5, ka adana mintunan baya.

A PS5, saitin yana ƙarƙashin Captures and Broadcasts. Nau'in fayil biyu ne, WebM da MP4. 4K sai da WebM, amma manhajojin tacewa da yawa, musamman na waya, ba sa karɓarsa cikin daɗin rai. In ba wani dalili mai ƙarfi, zaɓi MP4 a 1080p ka huta. Filash ɗin da za ka kwashe fayilolin da shi ya zama exFAT, domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. In talabijin ɗinka mai HDR ce kuma ka ga launin bidiyon ya koɗe a kwamfuta, kashe HDR lokacin ɗauka.

Raunin wannan hanya shi ne murya. Akwai zaɓin Include Your Mic's Audio, amma yana zuba muryarka cikin sautin gem a layi ɗaya. Makirufon da ke jikin fad ɗin DualSense kuwa ƙarar maɓallai da sandunan fad ya fi ji a kan bakinka. Dabarar dai ita ce ta ɗazu: kashe wannan zaɓin, naɗi murya a waya, daidaita da ƙirga. Wasu gem-gem kuma masu su suna toshe ɗaukar wasu wurare na labarin, sai ka ga sanarwa a kusurwar allo cewa an dakatar da ɗauka, kuma ba abin da za ka iya yi daga cikin na'urar.

A ganinmu, ga wanda FC ko eFootball ko Mortal Kombat yake bugawa a PS5, wannan hanyar da waya ɗaya a gefe ta ishe shi shekara guda cur kafin ya ji bukatar wani abu.

Kapca kad, da abin da ba a rubuta a kwalinsa ba

Katin ɗaukar bidiyo, wanda a kasuwa ake ce wa kapca kad, yana shiga tsakanin na'urar gem da talabijin. Wayar HDMI ta fito daga PlayStation ko Xbox ta shiga katin, wata ta fita daga katin zuwa talabijin, wayar USB kuma ta tafi kwamfuta inda OBS Studio, manhajar naɗar bidiyo da sauti, zai naɗa. Ribar a fili take: ba iyakar minti 60, murya a layinta, ana iya ƙara kyamarar fuska, ana iya watsawa kai tsaye.

Kafin komai sai an kashe HDCP, wato kariyar da ke hana kwafar bidiyo ta HDMI, a PlayStation, in ba haka ba baƙin allo kawai za ka gani. A PS5 yana cikin System, sashen HDMI. In an kashe shi manhajojin kallo irin Netflix ba za su buɗe ba sai an mayar.

Katunan iri biyu ne a zahiri. Akwai 'yan ƙananan nan masu kamar filash, marasa suna, an rubuta 4K da USB 3.0 a jiki har da shuɗin baki. Da yawansu guntun da ke ciki MS2109 ne, wanda USB 2.0 ne: 4K ɗin da aka rubuta abin da yake karɓa ne, abin da yake miƙa wa kwamfuta 1080p ne a firam 30, a matse, sautin ma sau da yawa ba ya rabuwa hagu da dama. Masu guntun MS2130 sun fi su, suna ba da 1080p a firam 60 na gaske, amma daga waje kamanninsu ɗaya. Babbar illar mafi yawan ƙananan ita ce ba su da mafitar HDMI ta biyu, dole ka riƙa kallon gem ɗin ta cikin OBS, wanda yake zuwa da ɗan jinkiri. A gem na labari ba komai. A FC ko gem na faɗa, wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa ka riƙa shan kashi. Ana rage matsalar da abin raba HDMI gida biyu, ɗaya talabijin ɗaya kati. Sai kuma masu suna irin Elgato HD60 X na 2022 da takwarorinsa na AVerMedia, waɗanda suke wuce da hoto zuwa talabijin ba jinkirin da za ka ji, suna naɗar 1080p a firam 60. Kuɗinsu ya ninka na ƙananan sau da yawa, kuma yana bin dala.

Ga wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Ka soka hedifon a jikin fad don kada makirufo ya ji talabijin, PlayStation ta karkatar da duk sautin zuwa fad, HDMI ya tafi ba sauti, ka naɗi awa guda na bidiyo bebe. Soka hedifon a jikin talabijin ko monita, ko ka saurara ta kwamfutar, ka bar sautin na'urar yana bin HDMI.

Kwamfutar da za ta karɓi katin ba sai mai tsada ba, tunda ba ita ke buga gem ɗin ba. Laftop ta hannu mai Core i5 ƙarni na 8, RAM gigabait 8 da SSD tana iyawa, muddin an zaɓi QuickSync na Intel a matsayin mai matse bidiyon.

Kwamfuta ɗaya, gem da ɗauka tare

Ga mai kwamfutar gem, OBS Studio kyauta ne kuma ba abin da ya kai shi iko. Game Bar na Windows, wanda ake kunnawa da Win+Alt+R, da abin ɗaukar Nvidia mai Alt+F9, sun fi sauƙin farawa, na Nvidia ma yana iya raba makirufo da sautin gem. Amma OBS ne ke ba da layukan sauti har 6, da matatun gyaran murya, da bayanin abin da ya lalace in ya lalace.

Saiti na farko da ya shafe mu a nan ƙasar shi ne nau'in fayil. MP4 na gargajiya sai a ƙarshen ɗauka yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane firam yake. In wuta ta ɗauke kafin ka danna tsayawa, fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ba zai buɗe ba. MKV ba ya haka, duk abin da aka naɗa kafin ɗaukewar wutar yana nan. Saboda haka a naɗa a MKV, in an gama a shiga File, Remux Recordings, a mayar da shi MP4 cikin sakanni ba tare da hoton ya ragu ba. Daga OBS 30.2 na 2024 an ƙara Hybrid MP4 mai jure irin wannan yankewar, shi ma ya yi.

Na biyu, layuka. A Settings, Output, a mayar da yanayin zuwa Advanced, a yi wa layi 1, 2 da 3 alama a sashen Recording. Sannan a Advanced Audio Properties a tura komai zuwa layi 1, makirufo kaɗai zuwa 2, gem kaɗai zuwa 3. In akwai abokai a Discord, manhajar hira da murya, su hau layi 4, kuma a gaya musu ana naɗa kafin a fara. Wannan layin nasu shi ne zai cece ka ranar da wani ya saki ashar ana tsakiyar wasa: ka yanke nasa, ka bar sauran. Duk na'urorin sauti su tsaya a 48 kHz, a Windows da OBS baki ɗaya.

Na uku, mai matsewa. In katin girafik ɗinka Nvidia ne zaɓi NVENC, in AMD ne zaɓi nasu, ka guji x264 domin shi furosesa yake ci, gem ɗin ma ita yake nema. A wajen inganci zaɓi CQP, ka sa lamba tsakanin 18 da 23. Ƙaramar lamba, hoto mai kyau da fayil mai nauyi. 20 ta wadatar. In bidiyon yana tsalle alhali gem ɗin lafiya lau yake a idonka, buɗe Stats a OBS. In firam ɗin da ake rasawa na rendering lag ne, gem ya cinye katin girafik duka bai bar wa OBS komai ba: ƙayyade gem ɗin a firam 60, ka buɗe OBS a matsayin administrator. In na encoding lag ne, mai matsewar ne ya gaza: sauko zuwa 720p ko firam 30. A laftop mai katin girafik biyu, in Game Capture ya nuna baƙi, OBS da gem ɗin ba a kan kati ɗaya suke ba, sai a gyara a saitin Graphics na Windows.

Lissafin wurin ajiya ba wuya. Megabit 20 a sakan daidai yake da megabait 2.5, wato kusan gigabait 9 a awa. Gem mai yawan motsi da ciyayi a CQP 20 yana iya ninka haka. SSD mai gigabait 256 da Windows da gem biyu a kai ba zai kai ka mako ba.

Sai wuta. Ko kana layin Band A na AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ɗaukewar sakan biyar ta isa ta kashe kwamfutar tebur. Ƙaramin UPS mai 650VA da ake saya wa kwamfutar ofis ba ya ɗaukar kwamfutar gem da monita, PS5 kaɗai tana jan kusan wat 200 in ana wasa. Nemi 1500VA zuwa sama, ko ka ɗora kayan a kan inbata. Laftop tana da nata batir, amma da zarar caja ta mutu takan rage ƙarfin katin girafik, firam su zube a tsakiyar ɗauka.

Makirufo: a nan ya kamata kuɗin farko ya tafi

Makirufo iri biyu ne ke gabanka. Kondensa, irin BM-800 da ake haɗawa da akwatin sauti na V8 a sayar tare, yana da jin nesa: fanka, janaretan maƙwabci, mai keke a waje, yara a tsakar gida, da amsa-kuwwar ɗakin kanta. An yi shi ne don ɗakin da aka killace. BM-800 ma ba ya ba da cikakkiyar murya sai da wutar 48V, akwatin V8 kuma da amon nan na masu waƙa yake zuwa, wanda ba ya fita in ya shiga. Dainamik, irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, sai an kusance shi yake ji sosai, saboda haka muryarka take rinjayar ɗakin. Waɗannan biyun suna da USB da XLR (mahaɗin makirufo mai ƙafa uku) duka, ba sai ka sayi wani akwati ba. Ga gidajen Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Gwarinpa, masu tayil a ƙasa da bango ba komai, inda ba za ka iya kashe fanka a watan Maris ba, dainamik ne zaɓin, ba ma sai an yi dogon tunani ba.

Tazarar yatsu uku zuwa huɗu daga baki, a ɗan karkace don kada iskar baki ta bugi kansa kai tsaye, da soso a kai. Kada a ajiye shi a teburin da kibod yake, yana ɗaukar bugun ta cikin katako. Ƙarfin shiga ya riƙa kai wa tsakanin -12 da -6 dB in ka ɗaga murya. In ya taɓa sifili muryar ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba manhajar da ke ɗinke ta. Gwada da ihun da za ka yi in an ci ƙwallo, ba da muryar gaisuwa ba. Labule mai kauri, darduma ko kafet a ƙasa, da katifa a jingine a bangon bayanka suna rage amsa-kuwwa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje.

Hedifon na Bluetooth kuwa a bar shi. Yana da jinkiri, kuma da zarar an kunna makirufonsa sautin duka yake komawa irin na kiran waya.

In kana jin wani gurnani siriri a ƙarƙashin muryar, cire cajar laftop ka saurara. In ya ɓace, daga wuta yake: wutarmu 50 Hz ce, kuma caja marar kyau ko soket marar waya ta ƙasa suna shigo da ita. Matatar da ke yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz tana rage shi ba tare da ta taɓa murya sosai ba. A OBS jera matatu haka: Noise Suppression a kan RNNoise, sai Compressor, sai Limiter a -1 dB. In a Audacity, manhajar gyaran sauti, za ka gyara, bar sakan 10 na shiru a farkon naɗin, ka ba Noise Reduction shi ya san ƙarar ɗakin, ka rage dB 6 zuwa 12 kawai. Fiye da haka murya takan koma kamar ta ƙarfe.

Sharhi ana wasa, ko bayan an gama

Sharhin da aka yi ana cikin wasa yana da rai, firgita da murna na gaske ne, kuma aiki ɗaya ne. Amma mutum yakan yi shiru daidai inda wasa ya yi zafi, ya yi ta surutu inda ba komai. Ya dace da FC tsakanin abokai, da gem na ban tsoro, da PUBG na tawaga. Sharhin da aka ɗora daga baya ya fi dacewa da koyarwa: yadda ake tsallake wani mataki, saitin maɓallai, tsarin 'yan wasa. Yana cin lokaci ninki biyu, amma yana da wata riba da ta dace da mu ƙwarai. Ka buga gem da rana, janareta na ruri, fanka na juyawa, ba ruwanka. Muryar kuma ka naɗa ta bayan sallar asuba ko can bayan isha'i, unguwa ta yi tsit. Da damina, mai rufin kwano ya san ruwan sama kaɗai ya isa ya hana naɗar murya, amma ba ya hana ɗaukar gem.

Tacewa

CapCut, a waya ko kwamfuta, shi ne mafi saurin koyo, kuma don gajerun bidiyo na tsaye masu 1080 da 1920 ba abin da ya fi shi sauƙi. Sai dai abubuwa da dama sun koma na biya, gara ka duba alamar Pro kafin ka gina aikinka a kan wani abu. In ka yanke bidiyon kwance ya koma na tsaye, allon ci da taswira suna ɓacewa domin a kusurwa suke. Kwafi bidiyon a layi na biyu, yanko kusurwar kaɗai, ka ɗora ta a sama. DaVinci Resolve na Blackmagic Design yana da na kyauta marar tambari, yana karanta layukan OBS duka, sashensa na sauti mai suna Fairlight kuma ya fi na sauran nesa. Amma yana son RAM gigabait 16 da katin girafik na kirki, a laftop mai gigabait 8 wahala kawai za ka sha. Irin wannan laftop Shotcut ko Kdenlive ne nata, dukansu kyauta, a kunna proxy don a yi yankan da ƙaramin kwafi. Mai PS5 marar kwamfuta yana da Share Factory Studio kyauta, yana yanka, yana ɗora sharhi.

Wasu manhajojin, musamman na waya, layin sauti na farko kaɗai suke gani. Shi ya sa aka ce a zuba komai a layi 1 don ko-ta-kwana. In kana son sauran, LosslessCut yana fitar da kowane layi dabam, yana kuma datse dogon fayil ba tare da ya sake matse shi ba.

Sautin gem ya zauna kamar dB 12 zuwa 18 ƙasa da murya lokacin da kake magana, ya ɗago in ka yi shiru. YouTube yana rage duk abin da ya wuce kimanin -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin sautin bidiyo gaba ɗaya, amma ba ya ɗaga wanda ya yi ƙasa, saboda haka murya mai rauni haka za ta tafi. Saurari aikin ta lasifikar waya kafin ka fitar, tunda da ita yawancin masu kallonka za su ji. Waƙoƙin menu na FC da rediyon mota na GTA V masu haƙƙin mallaka ne, YouTube yana gane su. Mayar da ƙarar kiɗa sifili a cikin gem tun kafin ɗauka, domin kiɗan da sautin gem layinsu ɗaya.

Wajen fitarwa, H.264 a MP4. YouTube da kansa yana ba da shawarar megabit 8 ga 1080p mai firam 30, da 12 ga mai firam 60. Bidiyon minti 15 a megabit 12 ya kama kusan gigabait 1.35 na data, 4K kuwa ya ninka haka sau uku zuwa biyar, ga masu kallon da yawancinsu a 480p za su kalla don tattalin data. Sabon asusu ba ya ɗora abin da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya.

To wa zai ɗauki wanne? Mai gem a waya ya nemi waya ta biyu da makirufon riga, ya tsaya a 720p. Mai PS5 ya fara da maɓallin Create, kuɗin kati ya sa shi a makirufo dainamik, sai ranar da iyakar minti 60 ko son watsawa kai tsaye ya matsa masa. Mai PS4 ta asali shi ne kati ya fi yi wa amfani, domin zai ɗaga shi daga 720p mai firam 30 zuwa abin da na'urar take fitarwa ta HDMI. Mai kwamfuta ba ya bukatar kati ko kaɗan, UPS yake bukata.

In sayen katin ya zama dole, tafi Banex Plaza a Wuse 2 da laftop ɗinka, OBS a ciki. A haɗa katin da wata na'ura a shagon, ka ƙara Video Capture Device, ka mayar da Resolution/FPS Type zuwa Custom, ka zaɓi 1920x1080, ka ga ko zai yarda da firam 60. Duba Video Format: in MJPEG kaɗai ya bayar a wannan girman, na USB 2.0 ne ko me aka rubuta a kwalin, in akwai YUY2 ko NV12 a firam 60 to na gaske ne. Naɗi minti biyar, ka taɓa jikinsa ka ji zafinsa, ka saurari sautin da hedifon hagu da dama, sannan ku yi ciniki, a rubuta maka rasit mai sunan samfurin da kwanakin garanti.